Yadda na sake ƙera maɓallin Mos ɗina don fita daji da rediyo

Maɓallin Mos da ake aiki da shi a kan tebur, rabin kyawunsa nauyinsa ne. Wanda nake da shi a ɗaki, Bencher BY-1, gindinsa ƙarfe ne zalla, ya haura kilo 1, kuma saboda wannan nauyin ne idan ka taɓa shi harshensa kaɗai ke motsi, sauran jikin yana nan daram. Rediyon da nake fita da shi kuwa, QCX-mini, wanda Hans Summers ya fitar a 2020, nauyinsa wajen giram 200 ne, yana shiga aljihun riga. Ba dabara ba ce mutum ya saɓi maɓallin da ya ninka rediyonsa nauyi sau biyar ko fiye ya hau Dutsen Kufena da shi. Dole a nemi ƙarami. To, ranar da maɓalli ya rasa nauyinsa, sai an nemo masa wata hanyar natsuwa, kuma duk aikin da zan ba da labarinsa a nan a kan wannan ya tsaya.

Ga wanda bai san harkar ba, mu masu rediyon sha'awa lasisi gare mu na yin magana da takwarorinmu a ko'ina cikin duniya ta gajeren zango, ba don kuɗi ba. Wasu da murya suke yi, wasu da kwamfuta, wasunmu kuma har gobe muna riƙe da Mos, wato haruffan tangaraho, ɗigo da sanda. Jiragen ruwa sun yi sallama da Mos a 1999, a 2003 kuma taron hukumar sadarwa ta duniya ya ɗage sharaɗin sai mutum ya iya shi kafin ya hau gajeren zango. Duk da haka bai mutu ba, domin wat 5 na Mos yana isa inda wat 5 na murya ba ya ko leƙawa. Wanda zai tafi da batir ɗan ƙarami a jaka, wannan ba ƙaramin dalili ba ne.

Maɓallin da iyayenmu suka gani a gidan waya da tashar jirgin ƙasa mai kai ɗaya ne, ana danna shi ƙasa, mai bugawa shi ke auna tsawon kowane ɗigo da kowace sanda da hannunsa. Nawa ba irinsa ba ne. Harshe biyu gare shi a tsaye, gefe da gefe, ana taɓa su da babban yatsa da manuniya. Ka taɓa na babban yatsa, rediyo ya yi ta zubo ɗigo har sai ka saki. Ka taɓa ɗayan, ya zubo sanduna. Ka matse duka biyun, ya riƙa jero su bi da bi, ɗigo, sanda, ɗigo, sanda. Awon tsawo ya koma aikin rediyon, kowace sanda daidai ɗigo uku. Abin da ya rage wa hannu shi ne sanin lokacin taɓawa da lokacin saki, kuma lokacin nan ƙanƙane ne. Idan kana buga kalma 20 a minti, ɗigo ɗaya kashi 60 ne cikin 1,000 na daƙiƙa, da tazarar da ke bayansa 120. Ka makara da saki kaɗan, rediyo ya ƙara maka ɗigon da ba ka nema ba.

Mu 'yan Najeriya wannan ya fi shafa. Lambar kiranmu da 5N take farawa, 5 kuwa ɗigo biyar ne a jere, N sanda da ɗigo. Idan ɗigo ɗaya ya faɗi daga biyar ɗin, 5 ta zama H, HN kuwa cikin rabon Iraƙi yake. Idan ɗigo ɗaya ya ƙaru a bayan N, ta zama D, ka koma 5D, wato Maroko. 'Yan'uwanmu na Nijar masu 5U su ma haka, ɗigo ɗaya ya ɓace sun koma HU, can El Salbado. Mutumin da ke Turai yana sauraren siginar ka mai rauni a cikin hayaniya, abin da ya ji shi zai rubuta. Shi ya sa maɓallin da ke zamewa ba ƙaramar damuwa ba ce a wurina, sunana yake canza min a iska.

Ƙaramin da na saya ta intanet na roba ne, irin da ake ƙerawa da na'urar buga abubuwa ta 3D. A ɗaki, idan na danne shi da hannun hagu, yana bugawa ba laifi. A kan dutse kuwa hannun hagu yana da nasa aikin, shi ke juya rediyo, shi ke riƙe littafin rubuta waɗanda aka yi magana da su kada iska ta tafi da shi. Maɓallin sai ya riƙa gudu a kan cinya. Notunan da ke saita shi suna kwancewa da kansu in rana ta buɗe. Wani lokaci ka taɓa harshe shiru, sai a taɓawa ta biyu ya amsa. Wayarsa kuma siririya ce, an manne ta a jiki, ranar da ta tsinke an gama.

Akwai masu kyau a kasuwa. Begali na Italiya yana ƙera na tafiya masu ban sha'awa, ƙananan Palm na Jamus ma sun yi suna a wurin masu hawa duwatsu kafin a daina yin su. Amma da na haɗa farashi da canjin dala da kuɗin aike, sai na ga gara in zauna da wanda ke hannuna in gyara shi gaɓa-gaɓa. Na kai shi wurin wani dattijo a Sabon Gari, tsohon ma'aikacin tangaraho ne a jirgin ƙasa, wanda a wurinsa kunnena ya fara sabawa da Mos. Ya juya shi a tafin hannu, ya ɗora a kan benci, ya taɓa da yatsa ɗaya, maɓallin ya matsa gefe.

"Ɗana, kada ka taɓa noti ko ɗaya tukuna," in ji shi. "Fara hana shi tafiya. In bai tsaya wuri ɗaya ba, duk saitin da ka yi masa a banza."

Na ce, "Baba, in sa masa dalma a gindi ya yi nauyi?"

Ya ce in zan sa masa nauyi, me ya hana in ɗauki na ɗaki. Da wannan na tashi.

Na fara da allon cinya. Wurin mai walda na je da ɗan maganaɗisu a aljihu, ina gwada guntayen ƙarfen da ke ƙasa, domin ba kowane ƙarfe ke kamawa ba. Alminiyum ba ya kamawa sam, shi ya sa ba zan iya manna maɓallin a jikin QCX-mini ba, gidansa na alminiyum ne. Yawancin farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa shi ma ba ya kamawa sosai. Na sami fallen baƙin ƙarfe mara kauri, aka yanka min daidai tafin hannu biyu, aka goge bakinsa kada ya yaga wando, na shafa masa farin fenti saboda baƙin ƙarfe a rana ba ya taɓuwa. Na manna shi a kan siririn katako, baduku ya yi min ɗamara ta fata mai ƙarfen bel wadda ke zagaye cinya. A ƙasan katakon na shimfiɗa yankin tsohon tiyub na babur don kada allon ya juya a kan yadi.

Maganaɗisun kuwa, cikin matattun na'urorin faifan CD na kwamfuta na same su wurin mai gyara. Kusa da idon da ke karanta faifai akwai ƙananan guda biyu, ba su kai ƙwayar wake ba amma ƙarfinsu sai ka yi mamaki. Na tara huɗu, na haƙa musu gurbi a gindin maɓallin, na zaunar da su da gam mai haɗi biyu. Na ɗora a kan allon, ya kama ƙam, ɗaga shi sama sai da ƙarfi. Amma da na buga, sai ya zame gefe kamar da.

Nan ne wurin da ya fi ba ni aiki, kuma nan nake so wanda zai yi irin wannan ya tsaya ya fahimta. Maganaɗisu yana da ƙarfi wajen hana a ɗaga abu, amma wajen hana shi zamewa gefe ƙarfinsa kaɗan ne, don abin da ke hana zamewa gogayya ce, ƙarfe mai santsi a kan fenti mai santsi kuwa ba shi da ita. Mai buga Mos ba ɗaga maɓalli yake yi ba, gefe yake tura shi. Maganin shi ne a sa roba tsakanin su. Sai dai ƙarfin maganaɗisu yana faɗuwa da sauri da zarar an ɗan nisanta shi da ƙarfe, don haka roba mai kauri tana ba da gogayya ta kashe kamu. Tiyub na babur ya yi kauri, da shi maɓallin har faɗuwa yake in na karkata ƙafa. Na keke ya ɗan fi. Wanda ya yi daidai shi ne yankin safar hannu ta roba, irin wadda ake wanke-wanke da ita, na manna gefenta mai ƙurji-ƙurji yana kallon allon. Da ita na tura harshe iya ƙarfin da ba zan taɓa yin bugu da shi ba, gindin bai motsa ba. Kuma har yanzu ina iya ɗaga shi in karkata shi yadda wuyan hannuna ya fi sakewa, abin da ba zai yiwu ba da na ɗaure shi da noti.

Sai na koma ciki. Kowane harshe yana juyawa ne a kan sukuru da ya ratsa ramin roba, ramin ya riga ya buɗe, harshen yana rawa sama da ƙasa. Na yi tunanin sa ƙananan boris, na fasa, saboda ƙurar hunturu in ta shige su ba ta fita. Na yanko ɗan guntu daga eriyar tsohon rediyo, irin mai zugewa, wadda a ƙarƙashin farinta tagulla ce, na faɗaɗa ramin na cusa shi ya zama hannun riga, sannan na sa sukuru mai santsin wuya ya ratsa. Ban sa mai ba. Mai da ƙura in sun haɗu sai su zama abin da ke cinye ƙarfe. Bakin fensir na goga a wurin, ya wadatar.

A nan kuma na gano dalilin shirun da yake yi. Wanda ya ƙera shi ya bar wutar ta bi ta cikin wannan mahaɗar mai juyawa kafin ta isa wayar ƙasa, wato wayar da wuta ke bi ta koma rediyo. Da mitar masu gyaran rediyo na auna, ina motsa harshen a hankali, lambar tana tsalle tana dawowa. Wurin da ke motsi ba wurin bin wuta ba ne. Na ɗauko siririyar waya mai gashi da yawa, na lanƙwasa ta ta yi ɗan baka don kada ta riƙe harshen, na haɗa kowane harshe kai tsaye da wayar ƙasa. Wannan gyaran bai ci ko sisi ba, kuma shi ya fi kowanne canza halin maɓallin.

Bakunan da ke haɗuwa su ba da sigina, a da kan sukuru ne kawai yana dukan wani sukuru, duk sun yi baƙi. Na fasa tsohon rile na mota, ɗan makunnin nan mai haɗa wuta ya katse, wurin mai wayarin, na ciro bakunansa masu haɗin azurfa tare da 'yan fallayen da suke zaune a kai, na like su a jikin harsunan da dalma. A ɗaya gefen na sa sukurun tagulla mai lamba M3, na goge bakinsa ya yi mulmul. Zaren M3 rabin milimita yake tafiya a kowane zagaye ɗaya. Tazarar da nake so tsakanin bakunan kuwa kaurin takardar rubutu ce, wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita. Ka ga ke nan duka saitin bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na zagaye ba, sukuru ya ɗan juya da kansa a jaka an rasa shi. Don haka na sa wa kowanne ɗan sifirin na biro a ƙarƙashin kai yana danne shi, da noti na biyu mai kulle shi. Duk aikin dalma na yi shi ne nesa da maganaɗisu, saboda irin waɗannan suna fara rasa ƙarfi in zafi ya wuce digiri 80, kuma ba ya dawowa.

Abin da ke mayar da harshe mazauninsa bayan an saki, a da sifirin ne guda ɗaya tsakanin su biyun. In ka matse ɗaya, ɗayan ya yi tauri, ba yadda za ka saita kowanne da kansa. Na cire shi. A wajen kowane harshe na kafa ɗan ginshiƙi da maganaɗisu, a jikin harshen kuma sukurun ƙarfe yana kallonsa, ana matso da shi ko a janye. Bambancin a yatsa ake jin sa. Sifirin, da ka fara turawa laushi ne, yana ƙara tauri kana matsawa. Maganaɗisun da ke jawo harshe akasin haka yake, a farko ne yake riƙewa, da ka ɓamɓare shi sai ya sake, harshen ya tafi ya rufe sarai. Ba rabi-rabi, ko ka taɓa ko ba ka taɓa ba. Ga mai zaune a kan dutse, jikinsa na ɗan motsi, iska na kaɗa riga, wannan riƙewar ta farko ita ke hana ɗigon ganganci fita. A ra'ayina duk wanda zai gyara maɓallin fita, ya bar sifirin ya koma nan.

Don in daidaita su na ari ɗan ma'aunin masu sayar da zinari, na kwantar da maɓallin a gefe ina danna harshe a kan ma'aunin har fitilar mita ta nuna ya rufe. Na ɗakina a wajen giram 20 yake. Wannan na kai shi kusan 30, kuma na babban yatsa na ɗan fi taurara shi, tunda shi ne mai ƙarfi kuma shi ke da alhakin ɗigo biyar ɗin nan. Abu ɗaya da maganaɗisu ke jawowa shi ne baƙin yashi da garin ƙarfe, suna taruwa a jikinsa kamar gashi. Na shafe su da jan farce mara launi don su yi santsi, in sun tara sai in ɗauke da salatif.

Wurin da yatsa ke taɓawa shi na bari a ƙarshe, kuma shi na fi jin daɗin yi. Na asalin roba ce mai lanƙwasa, in gumi ya zo tana sulɓi, kuma duk lanƙwasar da ta yi lokaci ne ya tafi kafin bakunan su haɗu. A kasuwa akwai wani tsoho mai sassaƙa ƙaho, yana yin mataji da ƙotar wuƙa. Na zana masa siffar a kwali.

"Malam, wannan na mene ne? Ba cokali ba, ba mataji ba."

Na fito da maɓallin na haɗa da rediyo, na sa masa abin ji a kunne, na buga masa sallama. Ya saurara har na gama, ya ce yana yaro ya taɓa jin irin wannan kukan a tasha. Sai ya ajiye ƙahon da ya fara ɗauka, ya tona buhu ya zaɓo wani baƙi mai jirwayen fari, ya ce wannan ya fi tsufa, ba zai kanannaɗe ba. Ya gasa shi sama-sama a kan garwashi har warin ya tashi, ya danne tsakanin katako biyu ya miƙe, ya yanka da ƙaramin zarto. Da ya zo gogewa bai yi ta da ido ba, ya ce in kawo hannuna, ya riƙa ɗora fallen tsakanin yatsuna yana cirewa yana kankarewa da bakin wuƙa, har ya yi ɗan kwari daidai inda tsokar babban yatsa ke zama. Na ce, "Baba, a bar fuskar da ɗan kaushi, kada a goge ta yi ƙyalli." Ya ce ai ya gane, hannu mai gumi ne zai riƙe. Ƙaho ba ya lanƙwasa a wannan kaurin, ba ya zafi a rana, da sanyin asuba kuma ba ya ɗaukar sanyi irin na ƙarfe. Na kafa su da tazarar wajen milimita 13 tsakani, daidai da na ɗakina, don kada hannu ya riƙa koyon sabon abu duk ranar fita.

Waya ba ta ɗauki lokaci ba. Na cire mannanniyar, na dasa soket na milimita 3.5 a bayan maɓallin, irin na abin ji a kunne. Kan fulogin ɗigo, tsakiya sanda, gindi wayar ƙasa. Yanzu in waya ta lalace, kowane mai sayar da kayan waya a bakin titi yana da irinta. A dai duba a ɗauki mai gaɓa uku, mai gaɓa huɗu ta makirfo ba kullum take zama daidai ba. Eriyar da nake fita da ita waya ce mai tsawon wajen mita 10 da ake ciyarwa daga ƙarshe, irin wannan kuwa takan dawo da wani ɓangare na siginar ta bayan kebul har jikin rediyo, ta shiga wayar maɓalli, rediyo ya yi ta bugu shi kaɗai. Don tare wannan na sa ƙananan kondensa biyu masu lamba 102, ɗaya daga ɗigo zuwa ƙasa, ɗaya daga sanda zuwa ƙasa, na kuma naɗa wayar a zoben ferait da na ciro daga tsohuwar cajar laftof. Na zaɓi gajeriyar waya, don doguwa ita kanta eriya ce.

Kafin in fita na gwada a gida. QCX yana da yanayin atisaye wanda ba ya fitar da sigina, kuma yana rubuta abin da ka buga a fuskarsa, ba ya yi maka kara. A cikinsa akwai zaɓi biyu na yadda zai yi in ka saki harsunan bayan matsewa. A na A yana ƙarasa abin da yake bugawa ya tsaya, a na B yana ƙara kishiyarsa guda ɗaya. Mutane da yawa suna zargin maɓalli alhali wannan zaɓin ne bai dace da hannunsu ba, ni da B na saba, a nan na bar shi. Na yi ta buga lambar kirana, da kalmomin da ke gwada ɗigo. "Shisshigi" ta fi kowacce, in ban da G duk harufanta ɗigo ne zalla, uku, huɗu, biyu, uku, uku, huɗu, biyu, biyu. Don gwada matsewa kuma "kyakkyawa" da CQ, wato kiran da ake yi wa duk mai sauraro. Inda na ga S ta koma H, na ɗan ƙara wa maganaɗisun babban yatsa ƙarfi. Da na ga fuskar rediyon tana fitar da abin da nake nufi a kalma 22 a minti ba gyara, na kulle notunan.

Kufena yana yamma da Zariya, kuma kafin in hau nakan fara zuwa gaishe da mai unguwa. Wannan ba abin rainawa ba ne. A halin da ake ciki, baƙo da doguwar sanda da waya da na'ura mai ƙara a kan dutse abin tambaya ne, kuma mutane suna da gaskiya su tambaya. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ne mai rediyon nan, na sake dawowa." Na nuna takardar lasisi kamar kullum, ya haɗa ni da wani saurayi ya raka ni. Ina ba duk mai fita shawarar ya yi haka, ya kuma tafi da kwafin lasisinsa a jaka.

Bayan la'asar na kafa sanda, na ja eriya, na ɗaura allon a cinyar dama, na zauna na jingina da dutse. Na sa rediyo a megahaz 14.060, inda masu ƙaramin wat ke taruwa a zangon mita 20, na tambaya ko akwai mai amfani da wurin, na ji shiru, na fara kiran CQ. Abin da na fara lura da shi, hannun hagu ya sami 'yanci, yana riƙe da biro. Na duba waya a Reverse Beacon Network, wato tarin na'urorin saurare a ƙasashe daban-daban da ke kama kiran Mos su rubuta lambar mai kira da ƙarfin siginarsa da saurinsa. Na'ura ba ta cike gurbi da zato irin na mutum, in bugunka ya karkace ko dai ta ƙi rubuta ka ko ta rubuta wani. Tashoshin Turai sun rubuta ni daidai, 5N a farko, ba H ba D.

Sai amsa ta fara zuwa, daga Italiya, daga Sifen, daga Jamus, duk fiye da kilomita 3,000 da wat 5. Ba a cika jin 5N a Mos ba, don haka da mutum ɗaya ya sanar da ni sai suka taru a kaina, kira a kan kira. A irin wannan lokacin ake sanin maɓalli, don dole ka tsinto lamba ɗaya daga cikin hayaniya, ka mayar da ita daidai, ka ba da rahoton ƙarfin siginarsa, ka yi sallama da 73, ka ɗauki na gaba, duk cikin 'yan daƙiƙoƙi. Wani ya roƙi in rage sauri da QRS, na sauko zuwa 14, maɓallin bai canza hali ba. Da iska ta taso da ƙura, harshen da ke buga sanda ya fara yin gardama sau ɗaya, na yago gefen takarda daga littafina, na sa tsakanin bakunan, na matse a hankali na ja. Baƙin layi ya fito a takardar, aka ci gaba. Iyakar sharar da bakunan azurfa ke so ke nan, kada a kusance su da samfefa.

Saurayin da ya raka ni ya zauna yana kallon yatsuna, daga baya ya tambaya ko zai iya koya. Na mayar da rediyon yanayin atisaye, na ɗaura masa allon, na nuna masa harafin farko na sunansa. Bahago ne, sai na juya ɗigo da sanda a cikin saitin rediyon, na karkata maɓallin ɗaya gefen a kan ƙarfen, ba a kwance komai ba.

Rauni ɗaya ya rage, gindin har yanzu na robar nan ne, irin wadda ke fara laushi a wajen digiri 60. Motar da aka rufe a rana cikin watan Afrilu tana iya kaiwa nan, kuma in gindin ya ɗan karkace, tazarar kaurin takarda ta tafi. Don haka ba na barin shi a mota, a cikin gwangwanin alewa mai murfi yake tafiya, an shimfiɗa masa soso, nesa da katin ATM saboda maganaɗisun. Na auna kowane rami da kowane ginshiƙi na zana a takarda, na kai wa mai injin feƙe ƙarfe a Sabon Gari ya yanka min gindin da alminiyum mai kaurin milimita 6. Ginshiƙan bakunan biyu za su zauna a kan wasa ta roba don kada su haɗu da jikin, tunda alminiyum yana ɗaukar wuta, shi kuma jikin zai zama wayar ƙasa. Harsuna da ƙahon da maganaɗisun duk za su koma kai yadda suke.